Na'urorin da Ke Bin Mutum Har Gona da Kasuwa: Yadda Ake Auna Jiki Yana Cikin Motsi

Wataƙila ka san wani, ko ma kai ne da kanka, mai fama da faɗuwar gaba. Yana cikin tafiya, ko yana hawa bene, ko cikin dare yana kwance, sai ya ji zuciyarsa ta yi wani irin tsalle, ta buga da sauri-sauri, can kuma ta dawo daidai. Ya je asibiti, aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta fitar da takarda mai zane-zane. Likita ya duba ya ce lafiya lau. Ya koma gida, washegari abin ya dawo.

Duk wanda ya taɓa kai babur wurin bakanike ya san wannan takaicin. Ƙarar da ta dame ka mako guda, kana isa gareji sai ta yi tsit.

Likitan bai yi ƙarya ba, na'urar ma lafiyarta ƙalau. Matsalar ta lokaci ce. Gwajin zuciya na yau da kullum, wanda ake kira ECG, sakan 10 kacal yake ɗauka. Kwana ɗaya kuwa sakan 86,400 ne, kuma a cikinsa zuciyar baligi tana bugawa kusan sau 100,000. Wato bugu goma sha wani abu likita ya gani, na mutumin da ke kwance shiru a ɗaki mai fanka. Haka abin yake a awon jini: akwai waɗanda da zarar sun ga farar rigar likita jininsu zai hau, su koma gida ya sauka, akwai kuma masu akasin haka.

Wannan ce ta sa masu bincike suka daɗe suna neman hanyar da za su auna jiki a inda yake rayuwarsa. Yau an samu: na'urori ƙanana marasa waya, da ake ɗaurawa a hannu ko a ƙirji ko a manna a fata, mutum ya tafi harkarsa suna ɗaukar bayanai. Sai dai lambar da aka samo daga jikin da ke motsi tana biyo wata doguwar hanya kafin ta iso gaban mai bincike, kuma a kowane zango akwai abin da zai iya gurɓata ta. Bari mu bi hanyar tare.

Daga bokitin ruwan gishiri zuwa agogon hannu

A farkon shekarun 1900, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Einthoven ya ƙera na'urar farko da ta iya zana lantarkin zuciya yadda ya kamata, a birnin Leiden. Nauyinta ya kai kilo 270, sai mutum biyar sun haɗu suke sarrafa ta, kuma wanda ake aunawa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafa ɗaya a bokitan ruwan gishiri. Tun da ba ta ɗaukuwa, a 1905 sai aka ja wayar tarho daga asibiti zuwa ɗakin bincikensa, nisan kusan kilomita ɗaya da rabi, domin a auna marasa lafiya daga nesa. Aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1924.

Wanda ya fara cire wayar shi ne Norman Holter, masanin kimiyya a garin Helena na jihar Montana a Amurka. A ƙarshen shekarun 1940 ya haɗa na'urar da ke aika bugun zuciya ta rediyo, ana goya ta a baya. Nauyinta kilo 38. Ka tuna buhun siminti kilo 50 ne, sai ka yi tunanin an ɗora wa mai ciwon zuciya kashi uku cikin huɗu na buhun an ce je ka yi harkarka. Zuwan tiransista ne ya ƙanƙantar da ita, har a farkon shekarun 1960 ta zama ɗan akwatin da ake ratayawa yana naɗar bayanai a tef. Har gobe, na'urar da likitoci ke ba mutum ya je gida da ita na awa 24 ko 48 sunan Holter take amsawa.

Tseren zuwa sararin samaniya ya ƙara wa abin gudu, domin babu wayar da za ta kai can. A watan Nuwamban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba wata karya mai suna Laika a kumbon Sputnik 2, masana suna ƙasa suna karɓar bugun zuciyarta ta rediyo. Ranar 20 ga Yulin 1969, lokacin da Neil Armstrong ke sauke kumbo a duniyar wata, likitoci a Houston suna kallon zuciyarsa ta kai bugu 150 a minti, alhali muryarsa ba ta nuna komai ba. A 1982 kuma kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da ɗamarar ƙirji mai aika bugun zuciya zuwa agogon hannu ba tare da waya ba, don 'yan wasa. Daga nan zuriyar ta yaɗu.

To, me suke aunawa?

Na farko shi ne lantarki. Kafin kowane bugu, wani ɗan lantarki yana ratsa tsokar zuciya, kuma inuwarsa tana isowa har fata. Ƙarfinsa a fata kusan milibolt 1 ne. Batirin tocila guda ɗaya bolt 1.5 ne, wato ya ninka shi sau 1,500. Na ƙwaƙwalwa ma ya fi haka rauni, sau goma zuwa ɗari. Ana kama shi da wasu 'yan faya-fayan mannawa masu azurfa a tsakiya da wani jiƙaƙƙen mai mai gishiri. Ka ga ruwan gishirin Einthoven bai tafi ko'ina ba, ƙanƙancewa kawai ya yi.

Na biyu haske ne. Juya agogon zamani ka duba bayansa, za ka ga koren haske yana walƙiya. Jini yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyin fata, sai hasken da ke dawowa ga idon na'urar ya ragu, bayan bugun ya wuce ya ƙaru. Wannan hawa da saukar agogon ke ƙirgawa. Ka lura fa, ba zuciyar yake ji ba, igiyar jinin da ta iso hannu yake gani. Ɗan maƙalin da ake sa wa a yatsa a asibiti don auna iskar oksijin ɗan'uwansa ne, sai dai shi haske biyu yake amfani da su, ja da kuma wani da ido ba ya gani mai suna infirared. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970.

Na uku motsi. Ɗan abin da ke sa hoton wayarka ya juya idan ka karkata ta, irinsa ne ke cikin waɗannan na'urori, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tsakanin 2013 da 2015, wani babban shirin bincike na Birtaniya mai suna UK Biobank ya aika wa mutum sama da 100,000 irin wannan ma'aunin motsi, kowa ya ɗaura a hannu na mako guda, yana ɗaukar awo sau 100 a kowane sakan.

Sai zufa. Idan mutum ya tsorata ko hankalinsa ya tashi, fatarsa takan ɗan jiƙe tun kafin ya sani, musamman tafin hannu. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi barin lantarki ya wuce, don haka ƙarafa biyu da ɗan lantarkin da ba za ka ji ba sun isa su nuna canjin.

Na ƙarshe zafin jiki. Zafin fata daban, na cikin jiki daban, kuma na cikin ne ke kisa idan ya yi yawa. Don auna shi akwai ƙwaya mai kama da kafso da ake haɗiya, tana aiko da awo ta rediyo daga hanji har ta fita da bayan gida. A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Doha a 2019, inda zafi ya sa aka fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare amma duk da haka 28 cikin 68 suka kasa kammalawa, wasu 'yan wasa sun amince sun haɗiyi irin wannan ƙwaya don masu bincike su bi zafin jikinsu suna cikin gudu.

Tafiyar sigina daga fata zuwa kwamfuta

Mu ɗauki lantarkin zuciya a matsayin misali. Zangon farko amfilifaya ce, wadda ke ƙara masa ƙarfi ɗaruruwan ninki. Matsalar amfilifaya ita ce ba ta zaɓe, duk abin da ya shigo ƙara shi take yi. Wutar gidanka tana kaɗawa sau 50 a sakan, haka take a Najeriya da Nijar da Turai, a Amurka kuwa sau 60 ce, kuma jikin mutum yana kama wannan kaɗawar kamar eriya. Dole a sa matatar lantarki ta tace ta, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Na'urar da aka saita matatarta don wutar Amurka, idan aka kawo ta nan ba a sauya saitin ba, hayaniyar za ta wuce abinta.

Zango na biyu shi ne mayar da siginar lambobi. Na'urar takan leƙa ta rubuta ƙarfin lantarkin, a ce sau 250 a sakan. Idan kowace lamba ta ci bayit 2, a kwana ɗaya an tara kusan megabayit 43 daga layi ɗaya tak. Ka ninka da yawan layuka, da kwanaki, da mutane ɗari biyu, sai ka gane dalilin da ya sa ake ce wa wannan fanni mai cin wuri.

Zango na uku: a ajiye ko a aika? Nan rigimar batir take. Rediyo na daga cikin abubuwan da suka fi shan caji, batirin kuwa dole ya zama ƙarami, in ba haka ba mu koma goyon Holter. Mafitar da ta fi yaɗuwa ita ce wani nau'in Bluetooth mai tsimin wuta da ya fito a 2010. Dabararsa barci ce. Rediyon yana kashe mafi yawan lokaci, sai ya farka na ɗan ƙiftawar ido, ya watsa abin da ya tara zuwa waya, ya koma barci. Wayar ce ke tura bayanan ga kwamfutar masu bincike idan ta samu sabis.

Akwai wani cikas da ba kowa ke tunaninsa ba, shi ne jikin kansa. Bluetooth yana aiki a zangon gigahaz 2.4, ruwa yana shanye wannan zango, jikin baligi kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Ɗamara tana ƙirji, waya tana aljihun baya, ka ga mutumin da ake aunawa ya zama katanga tsakaninsu. Sai wasu ƙullin bayanai su ɓace a hanya. Shi ya sa na'urorin bincike na ƙwarai ba sa dogara da rediyo kaɗai. Suna rubuta komai a memorin cikinsu, abin da suke aikawa nan take don sa ido ne kawai, a san na'urar tana jiki kuma tana aiki.

Zango na huɗu shi ne lokaci. Kowace na'ura da agogonta, kuma agogon lantarki na yau da kullum kan iya zamewa da sakan ɗaya ko biyu a kwana. A wurinka wannan ba komai ba ne. Amma mai binciken da ke son sanin tsawon lokacin da jini ke ɗauka daga bugun zuciya zuwa yatsa, abin da bai wuce kusan rubu'in sakan ba, idan agogon ƙirji da na hannu suka saɓa, aikin mako guda ya tashi a banza. Wata tsohuwar dabara da har yanzu ake yi ita ce a haɗa na'urorin a hannu ɗaya a girgiza su tare kafin a ɗaura da bayan an cire, domin girgizar ta zama alamar da za a daidaita su da ita.

Motsin da ake nema shi ne kuma abokin gaba

Ga inda gizo ke saƙa. An ƙirƙiro na'urorin nan don mutum ya motsa, motsin kuma shi ya fi komai lalata awo.

Kowace tsoka tana fitar da nata lantarkin idan tana aiki. Mai sare itace ko mai huɗa, lantarkin tsokar ƙirjinsa da kafaɗunsa kan iya danne na zuciya. Faifan mannawa kuma idan ya ɗan ja fata, yakan haifar da tsalle a zanen wanda ya fi bugun zuciyar girma. Manhajar da ba ta ƙware ba sai ta ƙirga shi bugu.

Agogon haske ya fi shan wahala. Idan kana gudu, hannunka yana lilo, jinin da ke ciki yana kaɗawa, agogon yana ɗan zamewa a fata, hasken rana yana kutsawa ta gefe. Mai gudu yakan taka ƙasa sau 160 zuwa 180 a minti, wanda ya yi daidai da inda bugun zuciyar mai gudu kan kai. Sai agogon ya rikice ya kama ƙirga taku yana nuna maka shi a matsayin bugun zuciya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka, aka wallafa a 2020, ya gwada na'urorin hannu shida da ECG, ya samu cewa kuskurensu a lokacin motsa jiki ya fi na lokacin hutu da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Ma'aunin motsi ma yana da nasa shirmen, domin hannu yake gani, ba ƙafa ba. Matar da ke daka a turmi ba ta ɗaga ƙafa ko sau ɗaya ba, amma agogo zai iya rubuta mata ɗaruruwan taku. Mai ruwa da ke tura kura cike da jarkoki ya haye tudu yana haki, hannuwansa suna kafe a kan ƙarfe, agogon zai rage masa lada. Wanda ya hau Keke Napep a hanya mai gargada kuwa zai samu takun da bai yi ba. Da dare, na'urar tana ɗaukar rashin motsi a matsayin barci, saboda haka mai kwance shiru yana tunanin bashi za a iya rubuta shi cikin masu minshari.

Yaya ake yi da wannan? Ana haɗa awo biyu, a bar ma'aunin motsi ya gaya wa manhaja cewa wannan kaɗawar ta taku ce, a cire ta. Ana ba mutum ɗan littafi ya rubuta abin da yake yi da lokacin. Inda abin ya lalace ƙwarai, a yanke wurin a zubar. Amma a zubarwar ma akwai tarko. Sassan da suka fi lalacewa su ne na lokacin da mutum ya fi wahala, ya fi zufa, ya fi motsi. Mai binciken da ke son sanin yadda zafin rana ke matsa wa zuciyar leburori, idan ya zubar da duk wurin da ya yi hayaniya, abin da zai rage masa shi ne lokacin da suke zaune a inuwa. Sai rahoto ya fito tsaf-tsaf, yana cewa ba wata matsala. Don haka idan ka ga irin wannan bincike, tambaya ta farko ita ce: kashi nawa na bayanan aka zubar, kuma na wane lokaci ne?

Launin fata da yanayin gari

Wannan sashe ya shafe mu kai-tsaye. Sinadarin da ke sa fata duhu, melanin, shi ma yana shanye haske. Na'urar da ke aiki da haske sai ta ratsa shi kafin ta kai ga jini.

A watan Disambar 2020, likitoci a Jami'ar Michigan sun wallafa wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun kwatanta abin da maƙalin yatsa ya nuna da abin da aka samu a jinin da aka ɗebo daga jijiya. A cikin lokutan da maƙalin ya ce oksijin yana tsakanin kashi 92 zuwa 96, wato babu abin tashin hankali, an samu cewa ainihin oksijin ya faɗi ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, a fararen fata kuwa kashi 3.6. Ninki uku kenan. Kuma kuskuren ta mummunan ɓangare yake, na'urar tana cewa lafiya alhali mutum yana buƙatar iska.

Dalili? Maƙalin ba ya auna oksijin kai-tsaye. Yana kwatanta yadda jini ya sha jan haske da yadda ya sha infirared, sannan ya duba wani jadawali da aka gina daga gwajin 'yan sa-kai. Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013 ta nemi mutum biyu kawai masu duhun fata, ko kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Jadawalin da aka auna a jikin wasu, aka ɗora wa wasu.

Ƙirga bugun zuciya ya fi wannan sauƙi, tun da hawa da sauka kawai ake nema. Binciken Duke da muka ambata bai ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin launukan fata ba a wannan awon. Amma duk abin da ya rage hasken da ke dawowa, ko duhun fata ne, ko zanen jarfa, ko baƙin lalle mai kauri a yatsa, yana rage wa na'urar abin da za ta kama, sai motsi ya fi saurin rinjayar ta.

Yanayi ma yana da ta cewa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, gam ɗin faifan mannawa yana sakin fata, zufar da ke taruwa a ƙarƙashinsa tana kawo ƙaiƙayi, mutum ya gaji ya ɓalle shi. Ma'aunin zufa da aka yi don gano tashin hankali ba zai iya raba zufar tsoro da zufar rana ba. Da hunturu kuma fata ta bushe, lantarki ya ƙi wucewa da kyau, sanyin asuba ya tsuke jijiyoyin yatsa har maƙalin ya rasa abin karantawa. Ga alwala sau biyar a rana: wanda ya cire agogo ya manta bai mayar ba, an samu rami a bayanai. Ga kuma caji, a garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama. Duk mai shirin irin wannan bincike a ƙasashenmu, sai ya fara gwada na'urar a jikin mutanen wurin, a yanayin wurin, tare da awon da aka riga aka yarda da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da aka gano da ba zai samu a ɗakin gwaji ba

Kar wannan jerin matsaloli ya sa ka ɗauka aikin banza ne. An daɗe ana cewa kakanninmu suna kwanciya da faɗuwar rana su yi barcin awa tara ko goma, wutar lantarki ce ta ɓata mu. A 2015 masu bincike suka wallafa sakamakon ɗaura ma'aunin motsi a hannun mutanen ƙabilu uku da ke rayuwa ba lantarki: Hadza na Tanzaniya, San na Namibiya, da Tsimane na Bolibiya. Barcinsu ya kama tsakanin awa 5.7 zuwa 7.1 a dare, kuma sukan kai awa uku da ɗoriya bayan faɗuwar rana kafin su yi barci. Da an kwaso su an kai su asibitin barci a birni, da barcin baƙunta aka auna.

Misali na biyu yana nuna ƙarfin abin da iyakarsa lokaci guda. Jami'ar Stanford da kamfanin Apple sun bi mutum 419,297 masu sanye da agogo, suna neman wata rikicewar bugun zuciya da ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon ya fito a 2019. Agogon ya yi wa mutum 2,161 gargaɗi, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Daga cikinsu 450 suka manna faifan ECG na kwanaki suka mayar da shi, aka tabbatar da ciwon a kashi 34 cikin ɗari. Sauran ba lallai ne agogon ya yi musu ƙarya ba, don ciwon yana zuwa yana tafiya. Abin da ya fito fili shi ne aikin agogo ya ɗaga tuta, tabbatarwa kuwa sai awon likita.

Bayanan na wane ne?

A ƙarshen 2017 manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu, ba tare da sunan kowa ba. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zagaye masu haske a tsakiyar wuraren da babu kowa a Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke zagaya sansanoninsu da agogo a hannu. An cire sunaye, amma sawu ya tona asiri.

Na'urar da ta kwana bakwai a jikinka ta san lokacin kwanciyarka da tashinka, ta san ko ka fita da dare, idan tana da GPS ta san gidan da ka shiga. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma binciken da ya shafi lafiyar mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin a fara. Idan wata rana aka nemi ka shiga irin wannan bincike, haƙƙinka ne ka tambaya, da harshen da kake ji: me na'urar ke ɗauka? Tana ɗaukar wurin da nake? Ina za a ajiye bayanan, wa zai gani, har zuwa yaushe? Idan an ga wata matsala a zuciyata, za a gaya mini? Zan iya cirewa in fasa? Amsar ta ƙarshe dole ta zama e, ba tare da ka rasa kulawar da kake samu a asibiti ba.

Mu koma ga mai faɗuwar gaba

Shi abin da ya kamata ya yi shi ne ya koma wurin likita ya faɗa masa cewa abin zuwa yake yana tafiya, ya tambaya ko za a iya sa masa Holter na kwana ɗaya ko biyu. Idan an sa masa, ya yi harkokinsa yadda ya saba, kar ya kwanta yana lallaɓa na'ura, sannan duk sa'ad da ya ji abin ya duba agogo ya rubuta lokacin da abin da yake yi. Wannan 'yar takardar ce za ta nuna wa likita inda zai duba cikin bugu 100,000.

Kai kuma mai agogon zamani, ɗaure shi ya kama fata, ka ɗan matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu. Ka fi yarda da awon da ya yi kana zaune ko kana barci a kan wanda ya yi kana gudu, ka kuma fi kula da yadda lambobin ke sauyawa cikin makonni a kan lamba ɗaya da ta ba ka tsoro. Idan kuwa kana jin ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi maka wuya, ko jiri yana ɗibarka, kar ka tsaya jiran abin da agogo zai ce, ko da yana nuna 98. Ka nufi asibiti.